A Satin Wa Kuruwar Mota Ta Tsinke

Har yau idan mota ta wuce ni tana ƙara irin ta ɓeran da aka take wa wutsiya, sai raina ya ɓaci, in ji kamar in tare direban in ce masa ya tsaya ya buɗe kapo, wato murfin gaban mota. Ba na tare shi, don na san amsar da zai ba ni, wai ba komai ba ne, ni ma na sha ba mutane ita. Wannan ƙara ta bel ɗin inji ce, wanda a nan Arlit muke ce wa kuruwa, robar nan da ke juya famfon ruwa da abin cajin batir. In ta fara kuka, so take a duba ta. Ni da tawa ta fara, sabulu na ba ta. Allah ya yafe mini.

Mu biyu ne muka mallaki motar. Ni mutumin Adar ne, aikin kamfanin ma'adini ya kawo ni Arlit ina saurayi, na yi furfura a ɗaukar kaya cikin sito. Abokin haɗina Ba'abzine ne, direba, ya ɗan girme ni, ƙofar gidansa tana kallon tawa. Da aiki ya ƙare aka sallame mu, muka haɗa abin da aka ba mu muka sayi tsohuwar motar daji, kat-kat mai buɗaɗɗen baya. Muna kai shinkafa da sukari da ganyen shayi wajen Gugaram da Dannet, mu dawo da awaki da cuku da masu awakin. Shi ya koya mini tuƙin yashi, da yadda ake rage wa taya iska kafin a shiga rairayi. Kullum bayan la'asar a ƙofar gidansa muke zama, shi ke dafa shayi, kuma kofin farko nawa ne, tun muna aikin kamfani haka abin yake. Yana ce mini Ɗan Adar, ina ce masa Ɗan Abzin, sunayenmu na yanka sai in ana neman mu a ofis.

Dokar sati-sati ni na kawo ta, kuma da taƙama na kawo ta. Mun ɗan yi gardama a kan wata taya da ta fashe, sai na ce maganin wannan mai sauƙi ne. Sati ɗaya mota tana hannuna, sati ɗaya tana hannunsa. Abin da ta samo a satinka naka ne, abin da ya lalace a satinka kai za ka gyara. Za a riƙa miƙa makulli ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

Ya daɗe yana zuba shayi daga kofi zuwa buta kafin ya ce, “Ɗan Adar, mota bai san sati ba.”

Na ce, “Ita ba ta sani ba, mu mun sani.”

Ya ce to. Na koma gida ina jin na yi wayon da ba a taɓa yi ba a Arlit.

Abin da ban hango ba shi ne, dokar ta mai da ni mai jinya marar tausayi. Na daina tambayar abin da ke damun mota, na koma tambayar ko za ta kai Juma'a. In birki ya yi laushi ranar Laraba, sai in riƙa taka shi sau biyu. In wani ƙarfe yana girgiza a ƙasa, in ɗaure shi da waya. Duk abin da zai iya rarrafawa ya tsallaka sallar Juma'a, ba nawa ba ne.

Kuruwar ta fara kuka ne a tsakiyar zafi, lokacin da ba a iya taɓa ƙofar mota da hannu. Da safe in na tayar da inji sai ta tsala ƙara har kajin maƙwabta su watse, ta yi shiru in an ɗan yi tafiya, ta sake in na kunna fitila ko na hau tudu. Wani direban taksi a tasha ya ce mini wannan ai ba komai ba ne, in samu sabulun wanki busasshe in goga mata a ciki. Na gwada. Ta yi tsit. Wallahi har daɗi na ji, kamar na warkar da marar lafiya. Daga nan kowace ranar Alhamis ta satina, da yamma, sai in shigar da mota bayan gida in buɗe kapo in goga mata sabulu da kyau, washegari in miƙa wa abokina ita tana tafiya lafiya lau.

Maiɗakina ce ta fara lura. Ta ɗaga sandar sabulunta da ta yi baƙaƙen layuka tsaf-tsaf, ta ce, “Malam, wannan wane irin ɓera ne ke cin sabulu da mataji?”

Na ce mata wankin hannu na yi bayan na taɓa inji.

“To hannunka haƙora gare shi,” in ji ta, ta jefa shi cikin bokiti.

Akwai abin da ya riƙa ba ni haushi a lokacin. Duk Juma'ar da motar ta dawo hannuna sai in karɓe ta shiru, ko uffan ba ta cewa. Kafin Lahadi ta ƙare ta fara tsala mini ihu. Na riƙa cewa a raina wannan mota munafuka ce, a hannun Ba'abzine tana ladabi, a hannuna tana rashin kunya. Ban taɓa zama na tambayi kaina dalili ba, ni da na san yadda ake sa kuruwa ta yi shiru ranar Juma'a. Mutum in yana cuta gani yake shi kaɗai ya iya.

Tafiyar da abin ya faru a satina ce. Na sami kaya zuwa wani zango bayan Gugaram, shi kuma yana son ya duba mahaifiyarsa da raƙumarsa a can, sai ya ce in rage masa hanya. Muka tafi ranar Alhamis, muka kwana, don haka ban sami damar keɓewa da sabuluna ba, yana nan cikin aljihun ƙofa a naɗe da tsumma. Da safiyar Juma'a muka loda awaki da mai su, wani dattijo da ya ƙi zama a gaba ya ce zai zauna da dabbobinsa. Muka yi latti wajen lodi, don wata akuya ta tsere sai da aka kewaye zango ana bin ta. Da na tayar da inji kuruwa ta yi ƙarar da ba ta taɓa yi ba. Na dubi abokina, ya dubi sama.

Ni ke tuƙi. Shi ya kishingiɗa ya ja rawani ya rufe fuska. Rana ta take, muna cikin fili, har mun fara hango tarin dutsen da kamfani ya tono can nesa kamar tsaunuka, sai na ji fat a cikin inji, kamar an mari wani da takalmi. Jar fitilar batir ta kama a tablo, allon da ke gaban direba.

Na san abin da ya faru. Ko yaron da ya yi wata ɗaya a gareji ya san in kuruwa ta tsinke famfon ruwa ya tsaya, in famfo ya tsaya inji zai dafa kansa. Abin yi ɗaya ne, ka kashe mota nan take. Amma na dubi agogon wayata na ga lokacin Juma'a ya yi, yanzu haka ana huɗuba a gari. Shaiɗan ya zauna a kafaɗata ya yi mini lissafi. Ya ce motar da ke tafiya ba ta mutu ba. In ta tsaya yanzu, a satinka ta tsaya. In ta ƙara ɗan lokaci har aka sauko daga masallaci, a satinsa ta tsaya. Na saci kallon abokina, rawani yana kan fuskarsa. Na cire hulata na ɗora ta a kan tablo, daidai kan jar fitilar, na ci gaba da taka mai.

Ba zan ce ban ga allurar zafi tana hawa ba. Na gan ta. Na riƙa yi mata addu'a kamar mai roƙon ruwan sama, ina kuma addu'ar liman ya taƙaita. Ku duba irin abin da mutum ke roƙon Allah da shi a ranar Juma'a. Can dattijon baya ya fara dukan rufin mota da sandarsa, wani wari ya cika mu, hayaƙi fari ya turnuƙe gilashi, inji ya yi tari ya mutu. Na yi sauri na mai da hulata kai kafin abokina ya yaye rawani.

Muka buɗe kapo da tsumma. Ruwa yana tafasa yana fesowa, kuruwa kuwa ta zama zare-zare ta nannaɗe a fanka. Abokina ya tsaya ya daɗe yana kallo, hannayensa a baya.

“Ya tsinke,” in ji shi.

Na ce, “Allah ya sa haka ne mafi alheri. Sai dai an riga an sauko daga Juma'a.”

Ya juyo a hankali. “A wane masallaci?”

Nan aka fara. A ƙarƙashin wata ƙaya da inuwarta ba ta isa mutum ɗaya ba, mu uku da awaki, muka yi ta musu a kan sallar da babu ɗayanmu da ya halarta. Na ce limamin unguwarmu mai sauri ne, tuni mutane sun kai gida suna cin abinci. Ya ce shi a Akokan, garin da ke dab da namu, yake Juma'a tun yana aikin kamfani, kuma limamin can in ya hau mumbari sai ƙafafun mutane sun mutu. Na ce mota a Arlit take kwana, ba a Akokan ba. Ya ce da muka kafa doka ba a ce masallacin da mota ke kwana kusa da shi ba. Na ce kowa ya san abin da ake nufi. Ya ce shi ba kowa ba ne. Muka tambayi dattijon, ya dubi inuwar sandarsa ya ce shi dai abin da ya sani azahar ta yi, kuma awakinsa suna jin ƙishirwa, in mun gama shari'a mu ba shi bido ɗaya, wato jarkar ruwa. Muka yi salla kowa yana huci. Sai wajen la'asar wata motar masu neman zinariya ta biyo, suka ja mu da igiya har gari, suna yi mana dariya ta madubi.

Makanikinmu mutumin Damagaram ne, garejinsa yana bayan tasha, kuma shi ya ɗaura wannan kuruwa da hannunsa watannin baya. Ya kwance kan inji, ya kira mu ya nuna mana. Kulas, wato murfin kan inji, ya lanƙwashe saboda zafi, takardar da ke tsakaninsa da inji ta ƙone, famfon ruwa ma ya cije. Ya ce kuruwa kaɗai da kuɗin da bai kai na buhun shinkafa ba an saye ta, amma wannan aiki sai an aika Agadas, kuma mutum ya shirya rabuwa da babbar dabba.

Na ce, “To mi ya tsinka ta? Kai ka ɗaura ta.”

Ban taɓa ganin mutum ya san dalilai da yawa haka ba. Ya zauna a kan tsohuwar taya ya fara jero su yana lanƙwasa yatsu. Zafin Arlit, ya ce, yana busar da roba ta tsattsage tun tana rataye a shago. Yashi yana shiga tsakaninta da ƙarfen da take juyawa ya riƙa cin ta kamar zarto. Gargadar hanya tana kwance noti, kuruwa ta yi sako-sako ta riƙa zamewa tana ƙonewa. In an ɗaure ta da ƙarfi fiye da kima ma tsinkewa take yi. In baƙin mai yana ɗiga a kanta, ta kumbura. Masu wanke inji da gazuwal, wato man dizal, don ya yi ƙyalli su ma suna kashe ta. In famfon ruwa ya fara cijewa, shi zai ja ta har ta mutu. Ga kuma robar yanzu da ba ta da albarka. Yatsunsa suka ƙare ya koma farko.

“Duk na ji,” na ce. “A cikin waɗanga wanne ne namu?”

“Alhaji, Allah ne masani.”

“Kai da ka ɗaura fa? Ba ka ga famfo yana cijewa ba?”

“Lokacin lafiyarsa ƙalau. Ai da ta fara kuka da kun kawo ta. Ba ta yi kuka ba?”

Na koma kallon ƙasa. Abokina ya shiga gyara rawaninsa. Makaniki ya ɗauki guntun kuruwar ya shinshina, ya dube ni, ya dubi abokina, ya ajiye. Ya ce shi ba ya shiga tsakanin manya, a kawo kuɗin kaya kawai ya aika. Wannan mutum ya jero laifin rana da yashi da hanya da masu yin roba a ƙasashen da bai taɓa zuwa ba, bai sa sunansa ko a ƙarshen layi ba. Har gobe ina jin haushinsa, ko da yake na san ba ni da bakin magana.

Muka kai maganar gaban sarkin tasha, wani tsohon direban manyan motocin Assamaka wanda ke sasanta rigimar direbobi a ƙarƙashin rumfarsa. Kafin mu gama bayani rumfa ta cika, kowa da fatawarsa. Wani ya ce a dokar tasha mota a hannun wanda ta mutu shi ke biya, wanda ke riƙe da sitiyari ke nan. Wani ya ce a'a, ai sun yi tasu dokar, a bi ta. Aka nemo wanda ya yi Juma'a a unguwarmu ya ce an sauko da wuri, aka nemo wani ya ce shi ma a nan ya yi kuma an daɗe, don an yi sanarwar ɗaurin aure bayan sallama. Aka shiga musu ko sanarwa tana cikin salla. Wani mai sayar da taya, da ba a tambaye shi ba, ya ce ba lokacin da mota ta tsaya za a duba ba, lokacin da kuruwa ta tsinke za a duba. Sarkin tasha ya tambaye ni ko akwai tazara tsakanin biyun. Na ce ni dai hayaƙi na gani. Ya tambayi abokina, ya ce shi rawani ne a fuskarsa.

Sarkin tasha ya gaji ya ce tun yana tuƙi bai taɓa jin an raba ciwon mota da kalanda ba, mu tashi mu je mu sasanta a gida, mu daina tara masa jama'a.

Ba mu sasanta ba. Mota tana gareji da kai a buɗe, an rufe ta da buhu. Bayan la'asar in na leƙa sai in ga tabarmar abokina a shimfiɗe, gawayi yana ci, amma ya juya wa ƙofata baya, kuma kofi ɗaya ne a kan faranti. Ni kuma na ƙi tsallaka titin. Na koma sayen shayi a wajen mai tebur, ruwan zafi da sukari, ina sha ina tsaki. A gida na zama abin gudu. Komai aka yi sai in yi faɗa, har maiɗakina ta ce in ba zan faɗi abin da ke cina ba in tafi in yi wa motar faɗa, ita ba ta da kunne. Na ce mata an zalunce ni ne, an sauko daga Juma'a kowa ya sani. Ta ce ita ba ta san lokacin da aka sauko ba, abin da ta sani tun da mota ta lalace sabulunta ya daina yin layi.

Ana nan wata safiya na fito sai na ga raƙuma a durƙushe a ƙofar gidansa, an ɗaure mata gwiwa. Na gane ta, ita ce wadda muka je dubawa a Gugaram, wadda mahaifiyarsa ke shan nononta. Shi da kansa ya tsallako ya tsaya a bakin ƙofata, bai shigo ba, bai ce Ɗan Adar ba.

“Malam,” in ji shi, “na yarda an sauko. Satina ne. Gobe zan kai raƙuma kasuwa in biya gyara duka. In mota ya tashi mu sayar, kowa ya ɗauki nasa.”

Ya juya ya tafi. Ga shi na ci shari'a, abin da na yi ta haƙilo a kai ya samu, ba zan biya ko tamma ba. Na tsaya ina kallon raƙumar tana tuƙa, ita ma tana kallona da irin kallon nan nasu na raini. Wai yau ni ya kira Malam. Mutumin da muka yi shekaru muna raba kofi ɗaya ya gwammace ya raba tsohuwarsa da nono don ya saye kansa daga hannuna.

Ban iya cin abincin rana ba. Bayan la'asar na ɗauki sabulun nan da tsummansa, wanda na ɗauko daga aljihun ƙofar mota tun ranar da aka ja mu, na tsallaka titi na zauna a bakin tabarmarsa ba tare da an ce in zauna ba. Na ajiye sabulun a gabansa. Na faɗa masa abin da nake yi da shi kowace Alhamis. Na faɗa masa na ji lokacin da kuruwa ta tsinke, na ga jar fitila, na ɗora hula a kai na ci gaba da tafiya ina jiran liman ya sallame. Na gama ina jiran ya tashi ya kore ni.

Ya ci gaba da fifita gawayi. Can ya ce, “Hular ai na gani.”

“Ba barci kake ba?”

“Wane direba ne kuruwa zai tsinke a ƙarƙashinsa ya yi barci? Rawanin nan ana gani ta cikinsa.”

Sai na ji jinina ya hau. Ni da na zo neman gafara na koma ina daka masa tsawa. Na ce to don mi bai ce in tsaya ba, yana kallo inji yana dahuwa, rabin injin nan ba nasa ba ne? Ya ce da farko ya yi niyyar magana, sai ya ga hannuna ya tafi ga hula, ya ce a ransa bari ya ga inda Ɗan Adar zai kai da wannan hula. Kuma ya yi nasa lissafin, cewa kuruwa a satina ta tsinke, duk abin da ya ƙone bayan nan a wuyana yake. A gaban sarkin tasha kuwa da ya buɗe baki zai faɗi maganar hula, sai ya ga dole ya faɗi cewa idonsa biyu, kuma bai so a yi ta nuna maƙwabcinsa da baki a tasha ba.

Ya tashi ya shiga gida ya fito da wata ƙaramar kwalba ya ajiye kusa da sabuluna. Man birki ne. Ya ce shi ɗigo-ɗigo yake sa mata a tasa Alhamis ɗin, tana yin shiru har ta kai Lahadi. Ya ce ya sha mamakin yadda mota ke zuwa masa shiru daga hannuna, ta fara ihu bayan kwana biyu.

Muka zauna muna kallon sabulu da kwalba. Ban yi dariya ba, shi ma bai yi ba. Manyan mutane biyu masu jikoki sun yi watanni suna toshe wa roba baki, kowa yana tura wa ɗan'uwansa, har suka dafa injin da suke ci da shi. Na ce masa, “Kai mugun mutum ne, Ɗan Abzin.” Ya ce, “A wajen wa na koya?” Ya ɗaga buta sama ya zuba, ya miƙo mini kofin.

Rabon biyan bai zo da sauƙi ba, sai da muka sake yin gardama, amma wannan karon a kan tabarma. Na ce kulas nawa ne, don ƙafata ce ke kan mai. Ya ce shirunsa ma yana da kuɗi. A ƙarshe na ɗauki kulas, shi ya ɗauki kuruwa da famfon ruwa da ladan makaniki. Na sayar da babur ɗina, wanda da shi nake zuwa ko'ina in ba satina ba ne, na koma tafiyar ƙasa a zafin Arlit. Shi ya sayar da awaki, raƙuma ta koma Gugaram. Makaniki ya karɓi kuɗinsa cif, bai rage ko dala ba, har yana yi mana nasiha a kan kula da mota.

Mun bar sati-sati a wajen tuƙi, amma gyara ya koma na kowa, ko a hannun wa abu ya lalace. Ranar Juma'a in za a miƙa makulli, mu biyu muke buɗe kapo, abokina ya watsa wa kuruwa ruwa daga buta ya wanke ta, a tayar da inji mu tsaya mu saurara. Ya ce ba don bai yarda da ni ba ne. Na ce na sani, ni ma ba don ban yarda da shi ba nake shinshina ta.

Kofin farko ya dawo hannuna. Abu ɗaya ne bai dawo ba. In mun yi tafiya tare ina tuƙi, ba ya rufe fuska da rawani kuma, zaune yake ƙyam idonsa a kan tablo. Kafin in murɗa makulli sai ya miƙo hannu ba tare da ya dube ni ba, in cire hulata in ba shi, ya ajiye ta a cinyarsa har mu isa. Ina jin haushin wannan abu ƙwarai, rana tana dukan sanƙona ta gilashi, fasinjoji suna tambayar dalili. Amma ina ba shi.